Shirun Mota Ya Karya Mahaifina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Habibu, daga Madachi nake rubuto muku, kuma raina a ɓace yake.

Mahaifina makaho ne. Tun ina yaro da kunnensa yake tsallaka titi zuwa masallaci. Zai tsaya ya karkata kai, in ya ji shiru ya wuce da sandarsa. Bai taɓa neman ɗan jagora ba.

Kwanaki wani ɗan kasuwa a Rano ya sayo mota mai aiki da lantarki. Injinta ba ya ƙugi, shi ya sa aka ƙero ta da wata 'yar ƙara don masu tafiya a ƙasa. Sai ya sa makanike ya kashe ƙarar, wai tana damunsa. Makaniken ne ya gaya mini da bakinsa.

Ranar Juma'a Baba ya saurara, ya ji shiru, ya sako ƙafa. Motar ta shawo kwana ta buge shi, cinyarsa ta karye. Mai motar ya fito yana duba fitilarsa, ya ce mini, "Ai da tsohon ya duba hanya."

Yanzu Baba yana kwance, kuma kansa yake zargi. Jiya ya ce mini, "Habibu, kunnen ma ya tafi ke nan."

Na rantse masa lafiyar kunnensa ƙalau, ya ƙi yarda. Rediyo na gefen shimfiɗarsa yanzu haka. Don Allah mai gabatarwa, ka gaya masa da kanka: ba shi ya kurumce ba, motar aka toshe wa baki.