Sai Man Ya Ƙare

Kuɗin motar da ta kai ni Libiya daga kaskon suyar Inna suka fito. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take saidawa ran kasuwar Urafan, ta haɗa da tunkiyarta guda ta danƙa mini. Abin da ya sa na ɗauko zancen, tun la'asar nake jin ku kuna musu kan labarin ƙarewar man fetur da kuka gani bisa salula, kai Harisu kana cewa masana sun yi ƙarya, Sani na cewa lokacin ne bai yi ba. Wannan musun ya girme ku.

A zamanin akwai wani malamin lakwal, makarantar boko, a garin nan, Malam Isuhu, kullum rediyo a kunne kamar da ita aka haife shi. Shi ya ce masana sun auna, man ƙarƙashin ƙasa ya kai iyakar hawansa, saura gangara, nan da 'yan shekaru motoci za su koma akurkin kaji. Da wannan na shawo kan Inna, don da farko hana ni ta yi. Na ce bari in je in ɗebi rabona, da man ya ƙare zan dawo. Ba wayo na yi mata ba, ni ma na yarda.

Ita ma ta fi kowa yarda, tunda mai sana'arta ne. Ta ce, "Gaskiya Malam ya hwaɗi. Tunkuza in ka matse ta sau biyu, na ukku sai ciwon hannu. Tahi, ba ka daɗewa."

A Sabha na fara sauka, ɗakin wani tsoho da ba ya gaisuwa sai "ijar", wato kuɗin haya. Muka sa masa Baba Ijaru. Famfonsa ko ɗigo ba ya yi.

"Ijar!"

"Ruwa fa?"

"Bukura."

"To ijar ma bukura."

Bukura gobe ke nan, amma goben can ba ta wayewa. Ranar tabarmata ta kwana a titi. Daga nan Allah ya haɗa ni da aikin wanke tankoki a wani kamfanin mai cikin hamada, inda wuta ke ci a bakin bututu dare da rana ba mai hura ta.

Lokacin ba salula, kaset ake aikowa hannun masu zuwa. Inna ta gaishe ni, ta ba ni labarin damina da wanda ya haihu, ƙarshe kuma kullum tambaya ɗaya, "Man bai ƙare ba?" Wata rana na yi ƙarfin hali na tambayi mudiru, shugabanmu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tun yana yaro ake wannan waƙar, yanzu ma an gano dabarar tatsar mai daga dutse. Mataimakinsa ya ce a'a, masana ba su yi ƙarya duka ba, rijiyoyin sauƙi sun ja baya, abin da ya rage sai da wahala da tsada. Suka kaure da gardama, ni ina tsaye da bokiti. Na aika wa Inna cewa mutanen nan sun iya matsa ta uku. Ta amsa, "Hannunsu zai yi ciwo. Ina nan ina jira."

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Rabin albashi na hannun mudiru, in ka ce gida ya ce bukura. Da yaƙi ya tashi aka rufe rijiyoyi, na ce to ga ƙarshen ya zo, kafin hanya ta buɗe sun sake buɗewa. Sai ranar da ƙanwata Hadiza ta kira ta ce Inna ta daina zuwa kasuwa. Kun san Inna ba ta fashin kasuwa ko da zazzaɓi. Na bar musu sauran haƙƙina na kamo hanya.

A Tasawa na hau kabu-kabu. Mai babur ya tsaya shan isansi, wato fetur, ga kwalabe nan jere a bakin hanya cike fal, mai saidawa har roƙonmu yake mu ƙara. Da muka shigo gari na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza zaune. Ba wanda ya gaya mini komai, na gane.

Bayan an watse Hadiza ta miƙo mini kwalba. Ta ce duk suyar da Inna ta yi sai ta ware man farko don ɗan waken tarbata, in ya daɗe ta sake sabo. Wannan na ƙarshe a zaune ta matse shi, tana hutawa tana komawa. Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba, har yau kuma zuciyata ba ta warke ba.

To ku ci gaba da musunku, ni ban san mai gaskiya cikin masanan ba. Kwalbar tana ɗakina, ban buɗe ta ba. Shi ne man da na tabbata in ya ƙare babu wani.