Zagin Aro

A Kasuwar Muda Lawal na ji wata nas, da fararen kayanta na aiki, ta daka wa tsohuwa mai kayan miya tsawa.

"Attaruhu na ce, ba tattasai ba! Ke kurma ce?"

"'Yar nan, wannan zagin ba naki ba ne. Wa ya yi miki shi?"

Nas ɗin ta sunkuyar da kai.

"Likita, a gaban majinyata. Dangin wani kuma suka ɗora. Ban isa in rama ba."

"Shi ne kika huce a kaina."

"Ki yafe mini, Inna."

"Na yafe. Amma ki bar shi nan, kada ki kai wa yaranki gida."

"Inna, na jiya ma su na kai wa."