Kwarin Ciyawar da Injiniya Bai Gama Karewa Ba

Mai girma shugaban hukumar tsara gari, shugaban sashenmu, dattawan unguwa, Yaya babban wan marigayi, Hajiya mai ɗakinsa, 'ya'yansa da abokan aiki, assalamu alaikum.

Ban san dalilin da ya sa aka zaɓe ni ba. Ni ba injiniya ba ne, a sakandare na tsaya. Aikina na shekara goma sha ɗaya shi ne in zagaya in duba ma'aunan ruwan sama, in rubuta a littafi, in kai masa.

Marigayi Injiniya ya kasance mutumin da ba ya yarda a zana unguwa sai ya san inda ruwa zai bi. Yakan sa taswirar wuri a kwamfuta, ya saukar mata da ruwan sama na gwaji, ya zauna yana kallon inda zai taru. Ya cire kwalta ya sa ciyawa, ya sake saukarwa. Ya dasa bishiyoyi, ya shimfiɗa tubalin da ruwa ke ratsawa, ya sake. Mukan yi masa tsiya cewa shi kaɗai ke yin damina a ofis da tsakar rani.

Ya kasance mai haƙuri da mu. A shekarata ta biyu, wata Talata babur ya lalace, ban je ma'aunin bayan makaranta ba. Na ƙiyasta, na rubuta ashirin. Ranar Alhamis ya kai ni jikin katangar makarantar, ya nuna min shatin lakar da ruwa ya bari daidai gwiwa. Ya ce da ashirin ruwan bai kamata ya wuce idon sawu ba, kuma kwana biyu ke nan yana zargin lissafinsa. Na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba.

"Ƙanena, in ba ka je ba, ka bar gurbin haka," in ji shi. "Gurbi zan iya aiki da shi. Ƙarya kuwa ɗakin wani take shiga."

Ku yafe ni, zan faɗi abin da ke damunmu. Ranar Litinin kwamitin hukumar zai zauna a kan kwarin ciyawar bayan makarantar nan, ana son zuba masa siminti a yi wurin ajiye motoci. Gwajinsa na ƙarshe ya nuna in aka yi haka, ruwa zai shiga gida talatin da bakwai. Bai gama rahoton ba. Sau uku na buɗe kwamfutarsa, na ga layin gidajen ya yi ja, amma ban iya bayaninsa ba, kuma ina tsoron in taɓa abin da zai goge. Damina saura mako shida.

Ranka ya daɗe shugaba, ba mu ce a yarda da ni ba. Muna roƙon a jinkirta sa hannu har a samo wanda zai iya karanta aikin.

Hajiya, kin nemi in kawo miki kwamfutar saboda hotunan yaran da ke ciki, na yi ta yi miki hanya-hanya. Dalilin ke nan. Ki ara mana ita zuwa Litinin.

Mun gode muku duka da kuka zo. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ruwan bana kuma, Allah ya sa ya tarar da ciyawa kafin ya tarar da ƙofar kowa. Amin.