Kaset ɗin Shirin Manoma

A ɗakin jira na gidan talabijin ɗin garinmu na saurari wani dattijo da wata mata, waɗanda ba su san juna ba.

"'Yata, aiki kike nema?"

"A'a, Baba, tsohon kaset nake nema. Mahaifina ne ya fara gabatar da shirin manoma. Ya rasu ina goye, ban taɓa jin muryarsa ba."

"Dogon nan mai tabarau? Allah ya jiƙansa! Ai ni nake ɗaukarsa da kyamara. A zamaninmu ƙarfe biyar ake buɗe tasha. Kyamara ɗaya gare mu, amma ba mu taɓa makara ba. Yanzu kuwa daga talla sai waƙa."

"Ashe za a samu ke nan."

"Tsaya ki ji tsari. Kaset goma sha biyu kacal muke da su. Shirin da ya fita Litinin, ranar Alhamis an goge shi an ɗora wani. Ni ne mai gogewar, shekara ashirin, ko ɗaya bai taɓa tsere mini ba. Har takardar yabo aka ba ni."

"Har da na manoman?"

"Ai ƙa'ida ba ta ware kowa…"

Matar ta ninke takardar neman kaset ɗin da ta cike, ta sa a jaka.

"To, Baba, yaya muryar tasa take?"

Dattijon ya gyara zama, ya ƙara wa muryarsa kauri. "Manoma, barkanmu da war haka."

"Sake faɗa, Baba."