Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata a Kasuwar Maraɗi

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu matar Ayuba, mai zama can baya kusa da taga. Kun san ni ba mai tashi gaban jama'a ba ce, amma yau in na yi shiru na ci amanar Ubangiji.

Ba ciwon jiki ya warkar mini ba. Bakina ne ke ɗaure, ya kwance shi.

A Tabotaki na girma, hannun kakata. Can mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi gaban mutane. Kunya ce, kuma ban tashi nan don in zagi kakata ba, tarbiyya ta ba ni. Ni ce dai na wuce gona da iri. Ɗiyata ta fari, Hannatu, shekararta bakwai, ban taɓa faɗin sunanta ba. "Ke" nake ce mata. Ko cikin addu'a sai in ce, "Ubangiji, ka tsare waccan yarinyar." Ƙannenta kuwa, Iliya da Bitrus, sunansu har ya gaji da bakina. Babansu ya sha ce mini, "Saratu, yarinyar nan tana lura fa." Sai in ce ya bar ni da al'adata.

Hutun lakwal, wato makaranta, da ya wuce, Ayuba ya ce mu tafi Maraɗi yara su ga birni, shi kuma ya sayo kayan injin ban-ruwa na garkar albasa. Da sassafe munka shiga mota a tashar Madawa. Iliya ya yi ta nuna manyan motoci har barci ya kwashe shi. Da munka isa, sunka ga gidajen sama, sunka ga adaidaita ko'ina, Bitrus ya kurɓi yawur, nonon kanti mai sanyi, ya yamutsa fuska muna ta dariya. Hannatu ba ta rabu da ni ba. Tana biye da ni, riƙe da bakin zanena, ni kuwa ko waiwaye.

Wajen azahar babansu ya bar mu cikin babbar kasuwa ya tafi wurin masu injuna. Na tsaya taya takalman roba, Bitrus goye a baya, Iliya a hannu. Wani mai amalanke ya ratsa ta tsakiyarmu. Da na juya, babu Hannatu.

Na shiga wannan layi, na fita wancan, ina ta "Ke! Ke!" A gida in na ce haka mutum ɗaya ke juyowa. A nan mata sunka yi ta juyowa, wata har da harara. Na girgiza Iliya ya kira mini ita yadda muka saba, sai ya fashe da kuka yana "Yaya, Yaya", don abin da yake ce mata ke nan.

Wata tsohuwa mai saida tattasai ta riƙe hannuna. "Ɗiyata, mi ya faru?"

Na ce yarinya ta ɓace mini.

"Mi sunanta?"

Ƴan'uwa, ku ji ni da kyau. Ɗiyata ta ɓace cikin birnin da ba ta san kowa ba, motoci da babura na wucewa bakin ƙofar kasuwa, ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa. Ban taɓa jin haushin kaina irin na lokacin nan ba.

Tsohuwar ta dube ni, ta gane. "Ta fari ce ko? Ni ma na yi wannan kunyar. Amma nan ba ƙauye ba ne, ba mai kira miki ita."

Sai na durƙusa nan tsakanin buhunan tattasai, da goyo a bayana. Na ce, "Ya Yesu, kai ka san ni da sunana. Shekara bakwai ban taɓa kawo maka sunan yarinyar nan ba. Ga shi yau: Hannatu. Ka maido mini Hannatu."

Na tashi na kwarara kira. Muryata ma ban gane ta ba. Na sake, na sake, tsohuwar na taya ni. A na huɗu sai ga ta ta fito daga bayan rumfar masu bokiti, inda ta raɓe saboda tsoro. Na rungume ta gaban dukan kasuwa, na yi kuka iya kukana, ban damu da mai kallo ba.

Da la'asar munka kamo hanyar gida. Mota ta ɗan yi nisa, ƙannenta sun yi barci, sai ta matso ta raɗa mini a kunne: "Inna, ashe kin san sunana?"

Wannan tambayar ta fi ɓatan zafi. Ni ina ganin kunya nake yi, ita kuwa tana ganin ban damu da ita ba ne.

Na gode wa Ubangiji da ya maido mini ɗiyata, ya kuma buɗe bakina tun tana ƙarama. Wanda ke da abin da ya ɗaure shi, ko da abin yana da kyan suna, ya kai wa Yesu, ya dogara gare shi, yana kwancewa.

Ga ta can kusa da babanta. Hannatu, tashi ƴan'uwa su gan ki.