Yatsan Mubina da Mutumin da Kuka Ɓoye

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Shugaban wannan zama, Alhaji Abdulganiyu, malamanmu masu daraja, shugabannin 'yan kasuwa na Agege da na Mile 12, iyayena mata da ke can baya, 'yan'uwa 'yan dako, assalamu alaikum.

Na gode da aka miƙo mini lasifika. Ni ce Fatu ungozoma. Rabin samarin da ke zaune a nan ni na yanke musu cibiya, saboda haka yau za ku saurare ni ko ba daɗi.

Na farko, abin da ya faru. Mubina, 'yar ƙanena, tana aji biyar a karatun likitan haƙori. Duk Talata takan kwashi mutanenmu masu ciwon haƙori a motar danfo, ta kai su asibitin da take koyon aiki, ta duba su a gaban malaminta. Yau kwana tara, ta yi wa wani ɗan dako allurar kashe zafi a dasashi. Tana mayar da murfin allurar sai ya zabura ya bugi hannunta, allurar ta huda safar hannu ta shige mata yatsa, da jininsa a tsininta.

Na biyu, abin da ta yi. 'Yan ajinsu suka ce mata, "Matse jinin ki yi shiru. In oga ya ji zai ce ba ki iya ba, ya ƙi sa miki hannu a littafi." Haka yaran nan suke yi, su soke kansu su ɓoye, don an koya musu cire haƙori ba a koya musu inda za su ruga ba. Abin kunya ne ga masu koyar da su! Mubina ta ƙi. Ta wanke yatsan da sabulu a famfo, ta je ta faɗa wa malaminta. Aka ɗibi jininta, aka ce sai an gwada na mutumin a ga ko yana da ciwon hanta ko ƙanjamau. Kafin a waiwayo ya sulale.

Na uku kuwa ku ne, kuma ku ne kuka fi ƙona mini rai. Sau uku ina zuwa kasuwa da ƙafata. Kowa na tambaya sai ya sunkuyar da kai: "Hajiya, ba mu san shi ba." Ba ku san shi ba? Kwano ɗaya kuke ci, rumfa ɗaya kuke kwana, ba ku san shi ba? Na sani, tun tashin hankalin bara muka ɗaure alkawari cewa ba a nuna ɗan'uwa ga baƙo. Da ni aka ɗaure. To ni baƙuwa ce? Mubina baƙuwa ce? Wani har ya ce mini sayar da jinin ake yi. Haba jama'a! Jinin da bai cika cokalin shayi ba?

In ba a gwada shi ba, wata shida za ta yi tana zullumi. Tana shan maganin rigakafi mai sa ta amai dare da rana. Ubanta ya rantse, in Juma'a ta wuce ba a same shi ba, ta bar karatun ke nan. Shekara biyar, da likitar da ba sai an nemo muku tafinta ba, za su tafi a kan "ba mu san shi ba."

Na so in kira sunansa a nan, wallahi na so. Mubina ta hana ni, ta ce sirrin marar lafiya ne. Saƙo kawai ta ba ni: a gaya masa ba wanda ke tuhumarsa, kuma haƙorin ba a cire ba, in ya bar shi fuskarsa za ta kumbura. Tana kwance tana amai, haƙorinsa take tunani.

Gobe da hantsi ina tsaye a tashar Ojota, ina jiransa in raka shi asibiti. Ba ɗan sanda, ni kaɗai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare hannuwan da ke yi mana magani, ya mayar da kowa gida lafiya, ya kuma buɗe bakin wanda ya sani. Na gode.