Ranar da Aka Yar da Jikata a Komin Kirsimeti

Mai girma shugaban wannan taro, katekis ɗinmu Malam Mark, mai girma Fada, wanda ya bar inuwar gidansa ya zo ya zauna da mu cikin wannan zafi, dattawan ƙungiyar Katolika masu jin Hausa ta nan unguwar Diobu a Fatakwal, iyayenmu mata da suka wuni a bakin murhu, 'yan'uwanmu Musulmi na zangon shanu da suka amsa gayyata, maƙwabtanmu Ibo, samari da 'yan mata, da yaran da ke can baya suna gwagwiyar ƙashi: ina gaishe ku baki ɗaya. Barkanmu da Kirsimeti, barkanmu da ganin Kirsimeti na farko a ƙasa mai mulkin kanta.

Ni ne Kure, mai gadi a ma'ajiyar reluwe, mutumin kudancin Zariya. Da furfura na shiga ajin yamma na koyi baƙi, don haka in harshena ya yi tuntuɓe, ku ɗauke shi a kan murna ce ta yi masa yawa.

Abu na farko, godiya. Na gode wa Ubangiji da ya kawo mu ƙarshen lokacin Jira, makonnin nan da muke azumi da addu'a muna sauraron haihuwar Mai Ceto. Na gode wa matan da suka dafa, da mazan da suka ci ba su yi ƙorafi ba.

Abu na biyu, labarin yarinyar can da ke kan cinyar uwarta. Kowa a Fatakwal ya ji wani yanki nasa, har an ƙara masa ƙafa da wutsiya. Yau ku ji shi daga bakin kakanta.

'Yata Christy, matar Ernest, ta haihu sau uku, sau uku muna haƙa ƙaramin rami. Babu wanda ya kai ga fitar haƙori, kuma babu wanda ya yi ciwo. Lafiya lau za a shayar da yaro, sai ya kafa ido a bakin ƙofa kamar ana yafuto shi, ya yi murmushi, shi ke nan. Mu mukan ce wabi, maƙwabtanmu Ibo suna da nasu sunan: yaro guda ne ke zuwa yana komawa, domin abokansa na can suna kiransa. Da na ukun ya tafi, wata tsohuwa ta tsaga kunnen gawar kafin a rufe, wai don a gane shi in ya dawo. Bara, cikin lokacin Jira, Christy ta haifi mace. Ungozoma ta wanke ta, ta juya ta. Kunnen hagu a tsage yake.

A can gida, irin wannan yaro akan kai shi juji a yar, a juya baya ba waiwaye, sai wani bare ya tsince shi. In ya zama tsintuwar wani gida, masu kiransa sun ɓatar da sawu. Amma katekis ya daɗe da hana mu wannan, kuma gaskiyarsa ce. Sai matata Angelina, kakar yarinyar, ta tsinci kanta tsakanin tsoron Fada da tsoron rami na huɗu.

Ita ce ke share coci. Kun san bukkar da muke kafawa a kusurwa kowace shekara: ga siffar Budurwa Maryamu, ga ta Yusufu, ga makiyaya da sa da jaki, duk sun sunkuyar da kai suna kallon komin dabbobi, shi kuwa komin akan bar shi babu kowa sai ranar Kirsimeti. Angelina ta ce a ranta, juji dai an hana, amma ga wurin cin dabbobi inda Uwar Ubangiji kanta ta ajiye ɗanta. Katekis kuwa zai zo kaɗa ƙararrawar yamma, ba danginmu ba ne, shi zai tsinta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ba ta kuma san cewa ranar katekis ya tafi duba mara lafiya a wani ƙauye ba.

Da la'asar ta saɓi jaririyar, ta kwantar da ita a komin, ta fita ba waiwaye, ta zauna a bayan bango ƙarƙashin taga. Can sai ta ji sawu a kan siminti. Sawun ƙananan ƙafafu, ba takalmi. Makaranta tana hutu, jama'a, babu yaro ko ɗaya a harabar. Ta ji suna zagaye, suna zagaye, suna 'yar dariya ƙasa-ƙasa irin ta yaran da suka sami abin da suke nema. Ta toshe kunnuwanta, ta kama addu'a, domin in ta waiwaya aikin ya ɓaci. Da ta buɗe kunne, tsit. Ta kasa daurewa, ta shiga.

Komin babu kowa. Ga gurbin jikin yarinyar a cikin ciyawa, da ɗuminsa. Ga Maryamu da Yusufu suna kallon gurbin kamar yadda suke kallonsa kullum. A ƙasa kuwa ga sawun ƙananan ƙafafu, jiƙaƙƙu, sun kewaye bukkar. Ranar ko ɗigon ruwa bai sauka ba.

Angelina ta rugo gida ta faɗa mana abin da ta yi, unguwa ta tashi. Muka duba magudanan ruwa, muka duba bayan gidaje. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne Christy ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gado, ta ce, "Baba, wannan karon sun zo da wuri."

Ernest ne ya lura da sabon damin busasshiyar ciyawa a gefen ƙofar coci. A garin nan da komai ke jiƙe, wa ke da busasshiyar ciyawa in ba mutanen zango ba? Ana idar da sallar magariba muka isa gidan Malam Gimba, dillalin shanu, ga shi can zaune da farar hula. Muka tarar da shi a kan buzunsa.

Na ce, "Malam Gimba, ka je cocinmu yau?"

Ya ce, "Na kai muku ciyawar bukkarku kamar kowace shekara, ko sannu babu."

Na ce, "Ba ka ga jaririya ba?"

Ya ce, "Jaririya? Kure, tsufa ya fara taɓa ka. Wane mai hankali ke ajiye jaririya a ciyawa? Na dai tsinci wani tsumma da aka yar, na kawo wa matata Haulatu ta riƙa sauke tukunya da shi."

Sai tsumman ya tsala kuka daga cikin ɗaki. Ernest ya zabura zai faɗa wa mutane gida, na riƙe shi da hannu biyu. Haulatu, matar Gimba, ta ɗaga murya daga ciki, ta ce, "Tsumman nan namu ne, mu muka tsinta. In akwai mai nono a gidanku sai mu ba ku ajiya. Ajiya fa na ce, ba kyauta ba!"

Jama'a, da wani ne ya shiga cocin nan da sai ya ruga wurin 'yan sanda yana shela. Allah ya aiko wanda ya ga tsagaggen kunne ya san abin da ake ciki, ya kuma san ba a yin sa da surutu. Da ya raka mu, Malam Gimba ya ja ni gefe. Ya ce shi ba ya wuce bakin ƙofa, amma ranar ya ji yara suna wasa a ciki, ya yi sallama don su nuna masa inda zai ajiye damin. Ba a amsa ba. Ya leƙa, ba yaro ko ɗaya, sai jaririya ta kafa ido a ƙofa tana murmushi. Ya rufe mata fuska da rigarsa, ya fita da ita ta ƙofar gefe. Ya ce, "Ban san abin da na ji ba, Kure, kuma ba na so in sani."

Fada ya yi faɗa, kuma ya dace. Angelina ta je ta furta zunubinta, aka yi wa yarinyar baftisma kafin Kirsimeti. Fada ya ce wataƙila yaran unguwa ne suka shiga da ƙafafu jiƙe. Ban musa ba, shi ne mai ilimi.

Abu na uku, abin da na koya. Kada wani ya tashi nan ya ce Kure ya ce a riƙa ajiye 'ya'ya a coci. Ban ce ba. Amma yanzu in na dubi komin nan babu kowa a lokacin Jira, nakan tuna cewa Yaron da muke jira shi ma an farauce shi tun yana cikin zane, kuma a ƙasar baƙi aka ɓoye shi har masu neman ransa suka gaji. Mu nan duk baƙi ne. Baƙo ke rufa wa baƙo asiri.

Na ƙarshe, dalilin wannan taro. Sau ɗaya aka faɗi sunan yarinyar nan, a bakin Fada, ranar baftisma. Tun daga ranar babu wanda ya kira shi a gidana. Tsumma muke ce mata, ajiyar Gimba muke ce mata, don kada masu kiranta su ji. Ga shi ta fitar da haƙora, katekis shaida ne, yatsarsa da ta ciza na nan. Ga shi ta taka ƙasa da ƙafarta. Na gaji da ɓoyo. Malam Gimba, Haulatu, ina roƙonku a gaban jama'a, ku sakar mana ajiyar nan ta zama tamu. Kun yarda? Sun yarda, Allah ya saka.

Christy, tsayar da ita a ƙasa. Ku yi shiru, don Allah.

Irene. Irene, jikata!

Kun gani? Ni ta duba! Ga ƙofa can a buɗe, ni ta duba! Taho, uwata, taho wurin tsohon nan.

Ubangiji ya raya mana ita, ya raya naku. Ya sanyaya zuciyar duk uwar da ta taɓa rufe ƙaramin rami. Ya albarkaci zango, ya albarkaci coci, ya zaunar da sabuwar ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin salama.

Na gode.